Filin Tambaya da Amsa: Neman Aiki da Zumuncin Tsofaffin Ɗalibai ga Masu Digiri na Biyu da na Digirgir

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu ɗaya. Mutum ya yi nisa a digiri na biyu ko na digirgir, kundi ya fara haɗuwa, sai hankali ya koma kan abin da zai biyo bayan karatun. Mun zaɓi wasiƙu shida, mun taƙaita masu tsawo, mun kuma cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu, saura mini wata 14 in gama. Akwai ofishin ba da shawara kan aiki a jami'armu, amma ban taɓa leƙawa ba, don ina ganin sai na kusa gamawa. Yaushe ya dace in je, kuma me ake yi wa mutum a ciki? (Daga wata ɗaliba)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki je a wannan makon, ba a fafe gora ranar tafiya. Manyan ma'aikatu da masu ba da tallafin karatun digirgir sukan rufe karɓar takardu watanni da yawa kafin ranar farawa, wasu kusan shekara guda. Wanda ya jira sai ya miƙa kundi yakan tarar an rufe zagayen bana, sai ya zauna jiran na baɗi.

Kada ki shiga hannu rabbana. Ki tafi da takardar tarihin karatunki da aikinki ko da ba ta yi kyau ba, da sanarwar guraben aiki guda uku da suka ba ki sha'awa ko da ba ki cancance su ba tukuna, da rabin shafi da ke bayyana bincikenki yadda wanda ba ɗan fanninki ba zai gane. Zaman yawanci rabin sa'a ne zuwa sa'a ɗaya. Idan kika ce "ku ba ni shawara" kawai, shawarar kowa da kowa za a ba ki. Idan kika shimfiɗa sanarwa uku a kan tebur, mai ba da shawarar zai ja layi a ƙarƙashin abin da ake nema da ba ki da shi, kuma wata 14 sun isa ki cike giɓi biyu ko uku.

Ki roƙi a yi miki gwajin intabiyu, ki ɗauka a waya ki saurara daga baya. A nan ne mutum ke jin yadda yake kewaye-kewaye kafin ya kai ga amsa. Ki tambayi inda waɗanda suka gama a sashenku cikin shekara biyar da suka wuce suke aiki. Sai abu biyu da ɗalibai kan manta: har zuwa yaushe ofishin zai ci gaba da karɓarki bayan kin gama, kuma yaushe za a rufe imel ɗinki na jami'a. Jami'o'i da yawa suna rufe shi bayan kammalawa, kuma duk wanda kika bai wa wannan adireshin ya rasa ki ke nan. Ki buɗe naki na dindindin da cikakken sunanki tun yanzu.

Wani lokaci za ki ga ofishin ya fi sabawa da masu digirin farko. Ki tambaya ko akwai jami'in da ke kula da masu babban digiri. In babu, ki haɗa da malamin da ke kula da karatun gaba da digiri a sashenku, da ƙungiyar ƙwararru ta fanninki, wadda galibi takan rage wa ɗalibai kuɗin rajista.

Tambaya: Ina shekarar ƙarshe ta digirgir a kimiyyar sinadarai. Na tura wa tsofaffin ɗaliban jami'armu kusan talatin saƙo ina roƙon su taimaka mini da aiki, na haɗa da takarduna. Mutum biyu ne suka amsa, su ma "Allah ya ba da sa'a" kawai suka ce. Shin zumuncin tsofaffin ɗaliban nan ba a baki kawai yake ba? (Daga wani ɗalibi)

Amsa: Malam, zumuncin yana nan, roƙon ne ya yi nauyi. Ka duba lamarin daga wajen wanda ya buɗe saƙon. Bai san ka ba, bai taɓa ganin aikinka ba, kuma mai yiwuwa ba shi ke ɗaukar ma'aikata ba. Ka nemi abin da ba shi da iko a kai, ko abin da zai sa sunansa cikin haɗari idan ya tsaya maka. Shiru ya fi masa sauƙi a kan ya ce a'a. Abin da yake da shi a hannu, wanda zai bayar da daɗin rai, shi ne bayani: yadda aikin yake daga ciki, abin da ake dubawa a takardu, lokacin da gurbi ke buɗewa. Wannan za ka nema.

Fara da zaɓen mutanen. Talatin a lokaci ɗaya ya yi yawa, kuma saƙo ɗaya da aka kwafa wa kowa ana gane shi daga layin farko. Ka shiga ɗakin karatu na sashenku, wajen da aka jera kundayen da aka ɗinke, ka ciro na shekara uku zuwa goma da suka wuce. Sunan mai kundi yana bango, sunan malamin da ya duba shi yana ciki, shafin godiya kuma yakan nuna maka ɗakin gwajin da ya zauna da waɗanda suka yi zamani tare. Waɗannan shekarun muka fi so, domin masu su sun samu gindin zama a wajen aiki amma ba su manta wahalar nema ba. Sannan ka buɗe shafin jami'arku a LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, akwai ɓangaren tsofaffin ɗalibai da ke ba ka damar tacewa da shekarar gamawa, da abin da mutum ya karanta, da inda yake aiki. Idan da tallafi kake karatu, ka tuna masu ba da tallafin suna da nasu zumuncin: Fulbright na Amurka tun 1946 yake, Chevening na Birtaniya tun 1983, DAAD ta Jamus tun 1925, kuma kowannensu na da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai a ƙasashe da dama.

Mutum biyar a mako sun isa. Saƙon kada ya wuce layi shida, kuma kada ka haɗa takardu. Ga misali:

"Malam, barka da aiki. Ina shekarar ƙarshe ta digirgir a sashen sinadarai da ka gama a ciki. Na ga ka bar ɗakin gwajin jami'a ka koma aikin tabbatar da ingancin magunguna, kuma hanyar da nake tunanin bi ke nan. Ko za ka ba ni minti 20 ta waya cikin mako biyu masu zuwa, in yi maka tambayoyi uku kan yadda aikin yake? Duk lokacin da ya yi maka, ya yi mini. In hidima ta yi yawa babu komai, na gode."

Ka lura da abin da ke ciki: abin da ya haɗa ku, dalilin da ya sa shi ka zaɓa ba wani ba, ƙaramin roƙo mai iyaka, da ƙofar fita ba tare da jin kunya ba. In bai amsa ba, ka tuna masa sau ɗaya bayan kwana goma, sannan ka bar shi. Da yawa ba za su amsa ba, wannan ba raini ba ne.

Idan an haɗu, kai za ka riƙe agogo. Ka tambaye shi yadda ranar aikinsa take daga safe zuwa yamma, wace ƙwarewa ce daga digirgir ta yi masa amfani da wadda bai taɓa buƙata ba, da kuskuren da ya fi gani a takardun masu fitowa daga jami'a. A minti na 18 ka ce lokaci ya yi, sai in shi ya ce a ci gaba. Tambayar ƙarshe ita ce mafi daraja: "Akwai mutum ɗaya ko biyu da kake ganin ya kamata in ji ta bakinsu, kuma ka yarda in ambaci sunanka?" Da ita mutum biyar ke zama goma sha biyar.

Ka yi godiya a rubuce kafin kwana ɗaya ya cika. Ka riƙe ɗan jadawali: suna, ranar magana, shawarar da ya bayar, ranar da za ka sake taɓa shi. Bayan wata biyu ko uku ka aika layi biyu: "Kwas ɗin da ka ce in yi na gama shi, ga abin da na koya." Nan ne mafi yawan mutane ke sakaci, kuma nan ne amana ke ginuwa, don mutum ya ga maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Ranar da gurbi ya buɗe a wajensu, sau da yawa shi zai tuna da kai. In kai ka fara gani, yanzu kana da bakin cewa: "Na ga wannan sanarwar, kana ganin na dace?"

Kada ka raina wanda sanayyarku ba ta da zurfi. A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya buga maƙala kan ƙarfin da ke cikin alaƙa mai rauni, bayan ya tambayi ma'aikata a wani gari kusa da Boston yadda suka samu aikinsu. Cikin waɗanda suka samu ta hannun wani, mafi yawa ba su cika haɗuwa da mutumin ba, sai jefi-jefi. Dalilin a fili yake: aminanka abin da ka sani suka sani, wanda ke nesa kaɗan shi ke jin labarin da bai iso gare ka ba. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da ya shafi masu amfani da LinkedIn sama da miliyan 20 cikin shekara biyar, ya kuma nuna cewa alaƙa mai matsakaicin rauni, wadda ba ta kusa sosai ba kuma ba baƙunta ce tsantsa ba, ita ta fi kai mutum ga sabon aiki. Tsohon ɗalibin sashenku da ya riga ka da shekara biyar daidai wurin nan yake.

Tambaya: Ni zuciyata ba ta kwanta da wannan abu ba. Neman aiki ta hanyar sanayya ba shi ne alfarmar da muke kuka da ita ba? (Daga wata ɗalibar digirgir)

Amsa: Malama, wannan damuwa ce ta mai tsoron cin haƙƙin wani, kuma muna girmama ta. Amma akwai bambanci. Alfarma ita ce a tsallake ƙa'ida, a ba wanda bai cancanta ba, a danne wanda ya fi shi. Abin da muke magana a kai shi ne a gaya miki gurbi ya buɗe, a fahimtar da ke abin da ake nema, a kuma shaida abin da aka gani na ƙwazonki, sannan ki shiga tantancewa kamar kowa. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan duk masu neman gurbin suka ji abin da aka yi miki, za ki ji kunya? Idan an ce za a cusa sunanki ba tare da intabiyu ba, ko a ba ki tambayoyin kafin ranar, ki ja da baya. Kuma ki tuna, ɗan gidan da ke cike da masu manyan ayyuka a tabarmar gida yake samun wannan bayanin. Wanda shi ne farkon mai digiri a danginsu ba shi da wannan tabarmar sai ta tsofaffin ɗalibai. In ya ƙaurace mata don gudun zargi, shi ne zai yi asara.

Tambaya: Takardar tarihin karatuna da aikina shafi bakwai ce. Na tura wa kamfanoni fiye da goma, ko kira ɗaya ban samu ba. Ina matsalar take? (Daga wani mai digirgir)

Amsa: Takarda biyu kake buƙata, Malam, ba ɗaya ba. Mai shafi bakwai ta jami'a ce da cibiyoyin bincike, inda ake son ganin kowace maƙala, kowane taron ƙara wa juna sani, kowane aji da ka koyar da kowane tallafi da ka ciwo. Ta kamfani shafi ɗaya ce ko biyu, kuma tambayarta daban ce: me ka iya yi, da wane kayan aiki, kuma me ya fito?

Sunan kundinka ba ya amsa wannan. Ka warware shi zuwa ayyuka. Maimakon "na yi bincike kan ingancin ruwan sha", ka rubuta irin wannan da alƙalumanka na gaskiya: "Na tsara ɗibar samfurin ruwa 400 daga wurare 25 cikin wata takwas, na horar da mataimaka uku, na tantance sakamakon da manhajar lissafi ta R, na rubuta rahoton da aka gabatar wa masu ba da tallafi." Aiki ɗaya ne, amma yanzu an ga tsari, da jagoranci, da lissafi, da rubutu. Maƙalu kuma layi ɗaya ya ishe su: adadinsu da inda za a same su.

Manyan kamfanoni da yawa suna zuba takardu a manhajar tace masu neman aiki kafin idon mutum ya kai gare su. Irin wannan manhaja takan rikice da tebur, da rubutu mai ginshiƙi biyu, da hoto, da abin da aka saka a can saman shafi ko ƙasansa, har lambar wayarka ta ɓace. Ka yi rubutu miƙaƙƙe da kanun da aka saba. Gwaji mai sauƙi: kwafi dukkan takardar ka zuba a shafin rubutu marar ado a kwamfuta, in ta fito a hargitse, haka manhajar za ta iya ganinta. Ka yi amfani da kalmomin da ke cikin sanarwar a inda suka dace da gaskiyar abin da ka iya, kada ka cusa abin da ba za ka iya karewa a intabiyu ba.

Abu ɗaya kuma: ka tsayar da yadda kake rubuta sunanka. In yau da harafi ɗaya, gobe da wani, maƙalunka za su warwatse kamar na mutum uku. Ka yi rajistar ORCID, lamba ce mai gurbi 16 da aka fara bayarwa a 2012, kyauta ce ga mai bincike, tana tattara aikinka a ƙarƙashin shaida ɗaya.

Tambaya: Ana neman wasiƙar shaida guda uku, kuma tsakanina da malamin da ke duba kundina babu daɗi. Yaya zan yi? (Daga wata ɗaliba)

Amsa: In aikin kamfani ne, da sauƙi: malami na biyu a kwamitin da ke duba kundinki, ko wanda kika koyar a ƙarƙashinsa, ko shugabanki a wajen sanin makamar aiki, duk sun wadatar. In aikin jami'a ne ko na bincike, rashin wasiƙar mai duba kundi abu ne da masu ɗaukar aikin za su lura da shi. Don haka ki fara gwada shi da tambaya a buɗe: "Malam, kana ganin za ka iya rubuta mini wasiƙa mai ƙarfi?" Kalmar "mai ƙarfi" tana ba shi damar janyewa cikin mutunci, kuma janyewar ta fi miki wasiƙa mai sanyi, wadda ba ta zagi ba ta yabo. In ya ja baya, ki nemi shugaban sashe ko wani babba a kwamitin kundinki ya rubuta, ya kuma yi magana kan kundin kansa. A intabiyu kada ki aibata malamin, ko da ke ce mai gaskiya.

Duk wanda kika roƙa, ki ba shi mako huɗu zuwa shida. Ki haɗa masa sanarwar, da takardar tarihinki, da ranar rufewa, da abu uku da kika yi a gabansa da kike so ya tuna. Ki tunatar saura mako ɗaya. In aka ce ki rubuto daftari da kanki, kada ki ba mutum biyu iri ɗaya, masu karantawa suna gane murya ɗaya a wasiƙu uku. Wasu tsare-tsaren, musamman na Amurka, suna tambaya ko kin yafe haƙƙin ganin wasiƙar. Ki yafe, domin an fi yarda da wadda aka rubuta a sirrance.

Tambaya: Sashenmu ba shi da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai mai rai. Akwai zauren WhatsApp, amma sai gaisuwa da tura saƙonnin da ba su shafe mu ba. Muna so mu gyara. Ta ina za mu fara? (Daga wasu ɗalibai uku)

Amsa: Madalla da ku. Kada ku fara da tsarin mulki, da zaɓen shugabanni, da kuɗin wata. Ƙungiyoyi da yawa a nan suke mutuwa kafin su amfani kowa. Ku fara da jerin sunaye na shekara goma: suna, shekarar gamawa, inda mutum yake aiki, da irin taimakon da ya yarda ya yi, ko duba takarda, ko hira ta minti 20, ko sanar da gurbi. Ku nemi izinin kowa kafin ku saka lambarsa, kuma kada jerin ya zagaya a fili. Mutum ɗaya ya riƙe shi yana haɗa mai nema da wanda ya dace, kuma kada a tura wa tsohon ɗalibi ɗaya fiye da mutum biyu a wata, in ba haka ba masu kirkin su ne za su fara gajiya su yi shiru.

Sau ɗaya a wata ku yi zama na minti 45 ta intanet da baƙo ɗaya: minti 15 ya yi bayanin hanyar da ya bi, sauran tambayoyi. Ku riƙa cakuɗa baƙin, wanda ya zauna a koyarwa, da wanda ya shiga kamfani, da na gwamnati, da wanda ya kafa nasa, har da wanda ya daɗe yana nema kafin ya samu, don bayaninsa yakan fi kusa da halin da masu saurare ke ciki. Ku sa wani malamin sashe a ciki, kuma kowace shekara ku miƙa ragamar ga 'yan ajin da ke bayanku wata uku kafin ku gama, domin ku ukun nan za ku watse.

Zauren kuma ku raba shi biyu: na hira, da na sanarwa wanda masu kula kaɗai ke rubutu a ciki. Duk sanarwar gurbi sai an same ta a shafin ma'aikatar kanta kafin a saka, tare da ranar rufewa da sunan wanda ya kawo ta. 'Yan damfara suna son irin waɗannan zauruka saboda amanar da ke tsakanin mambobi, har sukan ƙwace lambar wani sananne su yi magana da sunansa. Duk sanarwar da ta ce a biya kuɗi kafin intabiyu, ko a turo lambar sirri da ta shigo waya, a goge ta nan take, a kira mai lambar a ji muryarsa.